Daɓen Makhulu

Shekara biyu Zukile Mabuya ya yi a ƙungiyar kurket ta lardi a Monti, kuma in gaskiya za a bi, abin da ya fi ƙwarewa a kai a shekarun nan shi ne ɗaukar robobin ruwa. Ya san wanda ke son nasa da ƙanƙara, ya san wanda ke so a matsa masa lemun tsami. Saboda yatsunsa aka ɗauko shi daga ƙauyenmu na Kolweni. Shi ba ya cikin masu jifa da ƙarfi, waɗanda ke tahowa da gudu kamar an biyo su. A hankali yake takowa, ya murza ƙwallo da yatsu ya sake ta, in ta dira ƙasa sai ta yi kwana ta bar mai bugu yana dukan iska da gorarsa. A Kolweni dai haka take yi. A Monti kuwa, inda ake shayar da fili kullum ana aske masa ciyawa, ƙwallon Zukile ta zama mai ladabi, inda aka aike ta nan take zuwa, ba kwana ba ratse. Sau uku aka sa shi wasa, sau ukun kuma yara masu tsintar ƙwallo a bayan katanga ne suka fi kowa gajiya.

Koci Booysen mutum ne mai rowar magana. Da kakar wasa ta zo rabi ya kira Zukile gefe ya ce masa baɗi gurbin mai murza ƙwallo guda ɗaya ne tak, kuma akwai wani ɗan makaranta daga Makhanda da aka dame shi da labarinsa. Amma akwai wasan tunkiya na hutun Kirsimeti, wanda ƙungiyar lardi ke zuwa ta buga da wani ƙauye kowace shekara a yanka tunkiya a ci, bana kuwa Kolweni za a je.

"Ƙauyenku za ka buga wa," in ji shi. "Ka jefa wa yarana in gani. In ka burge ni ka zauna. In ba ka burge ni ba, ka ga ai ka riga ka isa gida, an huta da rakiya."

A gida kuma akwai mai jiran sa da zumuɗi. Malume Thobile, ƙanen mahaifiyarsa, yana da wata tsohuwar bas ta haya da ke zirga-zirga tsakanin Kolweni da Qonce, kuma tun ranar da Zukile ya gama sakandare ya ajiye masa aikin kwandasta. Duk sanda suka haɗu sai ya bubbuga ƙofar motar ya ce tana gaishe shi. Ba mugunta ba ce, shi dai bai taɓa yarda cewa namiji mai hankali zai ci abinci da jifa a hankali ba. Zukile kuwa in ya tuna kansa rataye a ƙofar nan yana ihun Qonce, Qonce, saura mutum biyu, sai ya ji abinci ya fita ransa.

Don haka da ya iso hutu, ko jakarsa bai kwance ba ya nufi gidan Bhuti Mzamo. Mzamo malamin firamare ne, shi ne kyaftin ɗin ƙauye, shi ne kuma mai tsaron baya, wato mai tsugunawa bayan turaku, sandunan nan uku da ake kafawa a ƙasa mai bugu yana kare su, yana cafe abin da mai bugu ya kuskure. Da hannu yake cafewa a zamanin da yana saurayi. Yanzu tumbinsa ne ke yin rabin aikin. Suka haɗa kai su biyu, suka yanke shawarar da duk mai murza ƙwallo zai yanke in aka ba shi mabuɗin fili.

Duk faɗin filin kurket, rayuwar irin su Zukile a kan ɗan zirin ƙasan nan na tsakiya take, tsakanin turaku uku na nan da turaku uku na can. In zirin ya yi sumul, sun shiga uku. In ya bushe ya dare, su ne sarakai. Sai Mzamo ya kulle gangar ruwan fili ya ce ta lalace. Abin birgimar da ake daddanne ƙasa da shi aka tura shi bayan makaranta aka jibga masa kara. Da yamma kuma, in ido ya ragu, Zukile kan koro awakin maƙwabta ya bi da su ta kan zirin, su je su dawo. Zafin ranar Disamba, wanda a nan shi ne lokacin bazara, ya ƙarasa sauran aikin. Kafin mako biyu ƙasa ta dare, tsagogi sun buɗe baki, wasu har ɗan yatsa na shiga. Kullum da safe Zukile sai ya je ya duba su, hannuwa a baya, kamar manomi a gonarsa. Ranar da suka gwada, ƙwallon farko ta dira nan ta ɓulla can, ta wuce gora, ta wuce hannun Mzamo, ta fasa masa tabarau. Mzamo ya tsince gilasan yana dariya, ya ce wannan asara ce mai albarka.

Ranar Alhamis kafin wasan suka shiga motar Malume suka tafi Qonce karɓo sababbin ƙwallaye da fararen kaya. Da yamma suka yi niyyar dawowa. Motar ce ba ta yi wannan niyyar ba. Ta mutu a bakin gari, makanike ya ce sai gobe, goben ma sai bayan azahar ta yi tari ta tashi. Rana ta karkata sosai sa'ad da suka hawo tudun da ake hango Kolweni, Zukile ya leƙa ta taga don ya gaisa da zirinsa daga nesa. Sai ya ga wani abu na sheƙi a tsakiyar fili. Ya murza ido ya sake dubawa. Mzamo, wanda ba shi da tabarau, ya tambaye shi ko an yi ruwa ne.

Ba ruwa aka yi ba. Makhulu Nowandile ce ta biyo ta wurin.

Makhulu ita ce kakarsa ta wajen uwa, ita ta raine shi tun yana rarrafe, ita ce kuma shugabar zumuntar mata ta coci, wadda ba a ɗora tukunyar taro a Kolweni sai da saninta. Ranar Alhamis bayan addu'a ta jagoranci matan zuwa fili don su zaɓi inda za a kafa murhu, sai idonta ya faɗa kan zirin. Kada a ɗauka ba ta san kurket ba. Marigayi mijinta mai jifa da ƙarfi ne da aka sani har bakin teku, kuma a zamaninsu tabarmar igiya ake shimfiɗawa a kan ziri, ƙasan tabarmar kuwa aikin mata ne, su cike, su daɓe, su shafe da kashin shanu kamar tsakar ɗaki. An daina tabarma tun Zukile bai zo duniya ba, amma babu wanda ya aiko wa Makhulu da sanarwa. Abin da ta gani kawai shi ne maigidan jikanta zai taso tun daga Monti, kuma ragwayen mazan ƙauyen nan za su tarbe shi da tsakar gida a tsattsage. Ba ta nemi namiji ko ɗaya ba, don ta daɗe da gano cewa gaya musu aiki ɓata yawu ne. Mata suka ɗaura ɗamara. Aka fasa suri aka kwaɓa ƙasarsa aka toshe kowace tsaga, aka yayyafa ruwa, aka yi ta duka da maɓugi ana waƙoƙin coci har ƙasa ta kwanta. Da safiyar Juma'a aka kwaso ɗanyen kashin shanu daga garke uku, ita da kanta ta durƙusa ta shafe shi da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, har da zanen baka-baka irin wanda ake yi wa ɗakin amarya.

Zukile ya sauko daga mota. Ya tsaya a bakin zirin. Ya yi sumul, ya yi tauri, ya yi kore-kore mai duhu yana ɗaukar ido. Ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Ya buɗe baki, kuma Allah ne kaɗai ya san abin da ya yi niyyar faɗa, sai ga Makhulu ta taho tana dafe da ƙugu, tana takawa da ƙyar don bayanta ya riƙe, fuskar nan kuwa fal murna.

"Ka gani, jikana? Yanzu ba za ka ji kunya a gaban mutanenka ba."

Ya dube ta, ya dubi zirin, ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ya ce ya yi kyau, Makhulu, an gode, Allah ya ƙara lafiya. Ta ce ba komai, kakansa ma bai taɓa samun wanda ya kai wannan ba.

Mzamo ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa akwai manjagara a makaranta, da sassafe za su zo su ɗan yi wa wurin susa. Da asuba suka zo da manjagarar, suka tarar da tsofaffi biyu na zumunta zaune a kan benci, ɗaya a kowane kai, sun lulluɓa da bargo, kowacce da sanda. An sa su gadin awaki ne. Suka tambayi malam Mzamo ina za shi da manjagara da farar safiya haka. Malam ya ce shara zai yi, aka kuwa nuna masa inda shara take, ya yi ta yi har rana ta fito.

Hantsi ya ɗaga motar lardi ta iso. Duk ƙauye ya hallara, har da na ƙauyukan da ke kewaye, tunkiya kuma an riga an yanka. Koci Booysen ya taka zuwa tsakiya ya durƙusa, ya danna mabuɗin mota a ƙasa, mabuɗi ya ƙi shiga. Ya shafa, ya kai yatsunsa hanci. Ya tambayi Mzamo da me suka yi wannan, Mzamo ya ce kayan gida ne. Sai da aka ɗan yi jayayya kafin a fara, don Makhulu ta hango takalman 'yan wasa masu ƙusoshi ta aiko a ce kowa ya tuɓe kafin ya hau mata daɓe. Alƙalin wasa, wanda ɗalibinta ne a makarantar Lahadi a da, ya je da kansa ya yi ta ba ta haƙuri, hula a hannu, kafin ta yarda.

Lardi suka fara bugu. Masu jifa da ƙarfi na ƙauye suka yi iya yinsu, suka koma gefe suna haki. Sannan Mzamo ya miƙa wa Zukile ƙwallo, jama'a suka ɗauki tafi. Wanda ke riƙe da gora a lokacin Rikus ne, wani ƙaton ɗan manomi mai jan wuya, wanda Zukile ya yi shekara biyu yana kai masa ruwa mai ƙanƙara. Zukile ya murza ƙwallon nan har sai da yatsansa ya yi ƙara. Ta tashi tana kuka a iska, ta dira a daɓen Makhulu, ta miƙe sak. Rikus ya ɗauke ta ya aika garken shanun gidan Mabuya, inda kayan aikin suka fito. Maki shida. Ta biyu ta sauka a kan rufin coci. Ta uku ba a same ta ba sai bayan sabuwar shekara.

Haka aka yi ta yi. Ya gwada dama, ya gwada hagu, ya ƙara murza, ya rage, duk ɗaya. Can ƙarƙashin itace Koci Booysen na zaune, hannuwa harɗe a ƙirji, fuskarsa ba ta cewa komai. Can kuma ɗaya gefen Malume Thobile ne jingine da motarsa, duk sanda ƙwallo ta tsallake iyaka sai ya ɗan danna ham. Zukile ya so ƙasa ta tsage ya shige, to amma Makhulu ba ta bar ko tsaga ɗaya ba.

A Kolweni tukunya ce ke yanke lokacin hutu, ba agogo ba. Da naman ya nuna aka buga murfi, alƙalin wasa ya ɗage hannu, kowa ya nufi inuwa. Zukile ya karɓi kwanonsa na dafaffiyar masara da wake ya koma bayan motar lardi ya zauna shi kaɗai yana juya cokali. Bai ga abin da ya faru a wajen murhu ba, daga baya aka ba shi labari. Makhulu ta san duka in ta gan shi, ta kuma ga ana dukan jikanta, abin da ba ta gane ba shi ne dalili. Tana zuba wa ɗanta Thobile nama ta ce yaron nan ko ba shi da lafiya ne. Thobile kuwa ya riga ya ɗan jiƙa maƙoshi tun safe, bakinsa ya saku.

"Lafiyarsa ƙalau, Mama. Ke kika gama da shi. Tsagogin nan da kika toshe su ne gonarsa, mako biyu yana kiwon su. Amma kada ki damu, na gode. Litinin zai kama aiki."

Aka ce ludayin bai ko faɗi daga hannunta ba. Ta ajiye shi a hankali a kan murfi, ta goge hannu da zani, ta tafi. Matan suka ɗauka bayan gida ta zaga.

Shirun da ya sauka a kan taron ne ya sa Zukile ya ɗaga kai. Tsohuwa ce ke ratsa fili ita kaɗai cikin zafin rana, da jar rigarta ta zumunta da farar hula, fartanya a kafaɗa. Tafiya take a hankali, amma ba ta waiwaya. Alƙalin wasa ya miƙe da ƙashi a hannu, ya yi taku biyu ya tsaya, don dokar kurket ta hana taɓa ziri ana tsakiyar wasa, amma babu inda dokar ta faɗi yadda mutum zai tare malamarsa ta makarantar Lahadi. Zukile ya yar da kwano ya ruga. Ya iske ta ta kai tsakiya, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga fartanya. Ya riƙe ƙotar.

"Sake ni," in ji ta. Ba ta dube shi ba. "Nuna min inda take dira, in fasa maka wurin."

"Makhulu, ba a yi."

"Ni na yi shi, ni zan fasa. Me ya sa ba ka gaya min ba jiya? Ka tsaya kana min godiya kamar baƙo."

Muryarta na rawa, shi kuma bai taɓa jin muryar Makhulu ta yi rawa ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Sai tausayi ya kama shi, ya kori duk haushin da ya kwana da shi. Ya ce mata Malume bai san komai ba sai taya da giya. Ya ce filin ba shi da laifi, shi ne bai fara jifa ba tukuna, dumama hannu yake yi. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya yi ta ne da ƙarfi yadda na bakin iyaka ma suka ji. Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da take masa yana yaro in ya ce ba shi ya sha madara ba. Sannan ta sakar masa fartanyar. Ya raka ta har gefe, fartanya a hannunsa, duk ƙauye da baƙi na kallo. Ba ta koma wajen murhu ba, gida ta wuce.

Aka koma wasa, Zukile na tsaye da ƙwallo a hannu da ƙaryar da ya yi a wuyansa. Ƙasa dai ba za ta ba shi komai ba, wannan ya tabbata. Da ya cire rai da ita sai ya ji wani irin sauƙi, irin na wanda aka riga aka kora. Ya ce a ransa tunda duka ne, bari aƙalla Rikus ya sha wahalar jira. Ya cilla ƙwallon sama, sama sosai, a hankali, har sai da ƙaton ya ɗaga haɓa yana neman ta a cikin rana. Rikus ya cika ciki da naman tunkiya, ga kuma daɗin duka ya ratsa shi, sai ya baro layinsa ya taho tarbar ta. Murzar da ta ƙi aiki a ƙasa ashe tana aiki a sama. Ƙwallon ta nutso da wuri, ta faɗi gabansa kaɗan, gora ta wuce fiu. Mzamo bai gan ta ba, ba tabarau, amma ta gan shi. Ta daki tumbinsa ta dawo ta faɗa kan turaku, Rikus na can waje yana neman hanyar gida. Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, alamar an fitar da Rikus, tunda ƙwallo ta taɓa turaku yana wajen layinsa. Mzamo ya kwanta a ƙasa yana nishi, yana cewa dama haka ya shirya.

Wanda ya biyo baya ya san Zukile a wajen atisaye, ya kuma ji kukan da ƙwallon ke yi a iska, don haka ya kai gorarsa inda ya kamata ta yi kwana. Ba ta yi ba. Ta bi ta tsakanin gora da ƙafa ta tumɓuke turken tsakiya. Daga nan Zukile ya shiga wasa da su, wannan a sama a hankali, wannan ƙasa-ƙasa da sauri, wannan daga can gefe. Kada a ce ya zama wani abin al'ajabi, don an ci gaba da dukansa, wata ƙwallon ma ta fasa gilashin gefen motar Malume, wanda shi ne abin da ya fi faranta wa jama'a rai a ranar. Amma mutum huɗu ya fitar kafin a gama, uku daga cikinsu manyan masu bugun lardi ne. Da ƙauye suka karɓi gora kuwa ba su daɗe ba. Aka lallasa mu kamar yadda aka saba, aka koma kan sauran tunkiyar.

Da la'asar Zukile ya sami Koci Booysen zaune a matakalar mota yana ƙwaƙule ƙasan takalminsa da tsinke. Ya tsaya gabansa, hula a hannu. Koci ya ci gaba da ƙwaƙula.

"Na ji labarin awaki," in ji shi.

Zukile ya sha jinin jikinsa. Ya fara wani bayani game da ƙarancin ruwa, Koci ya ɗaga tsinken ya tsayar da shi. Ya ce da ya tarar da wancan filin, ko mutum goma Zukile ya fitar ba zai duba ba, don a kan irin wannan ƙasa shi ma da ciwon kafaɗarsa zai fitar da biyar. Ya ce filayen da za su buga a kai baɗi duk irin na yau ne, wari ne kawai babu. Ya busa tsinken ya yar.

"Ka dawo a Janairu. Ban ce ka daina ɗaukar ruwa ba, amma ka dawo."

Zukile bai san sanda ya yi godiya ba, bai san ko ya yi ba ma. Ya bi ta bayan coci don kada a tare shi, ya haura gida da sassarfa. Ya sami Makhulu a ɗakinta, zaune a bakin gado, ta cire jar rigar ta ninke a gefe, hannuwanta a kan cinya. Tun da yake bai taɓa ganin an yi taro a Kolweni Makhulu na ɗaki ba. Ya durƙusa a gabanta ya gaya mata. Ta sa ya maimaita. Ta tambaye shi ko Baturen nan da bakinsa ya faɗa, ko kuwa wata ƙaryar ce irin ta ɗazu. Ya ce Koci ba Bature ba ne, kuma da bakinsa ya faɗa.

Ta dube shi. "Ke nan a kan daɓen nawa suka ɗauke ka."

"A kansa, Makhulu."

"Ke nan ba shi da laifi."

"Ba shi da laifi."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta jawo jar rigar, ta warware ta, ta fara sawa, amma yatsunta suka kasa kama maɓalli, sai shi ya ɓalla mata ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta kuma yi kamar babu su ba.

"Na ɗauka na kashe ka da hannuna," in ji ta a hankali. Ta ja hanci, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. "Je ka kira min kawunka. Ya zo wajen murhu ya maimaita abin da ya faɗa, a gaban mata. In ya gama kuma ka gaya masa ya nemi wani kwandastan."